Laba Ashirin da Takwas

Yayana Hoyt Blalock bai taɓa barin wani mahaluki ya ɗaukar masa jita ba. Shekara hamsin da ɗaya yana kiɗa a zaurukan rawa tsakanin Lampasas da San Saba, kuma a duk tsawon shekarun nan ko matarsa Lavonne, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kama hannun akwatin ba. Haka masu kaɗa jita mai feda suke a ƙasar nan tamu ta Texas, duk taronsu. Mai goge zai miƙa maka gogensa ka riƙe masa ya je ya sha ruwa, mai ganga kuwa har roƙon mutane yake su taya shi kwasa. Su kuwa, kana kai hannu za su ce maka "bar shi, na gode," da wata irin murya da za ta sa ka janye hannunka ba shiri. A wurinsu, ranar da mutum ya bari aka ɗaukar masa, ranar ya gama, sai dai a fara tambayar wanda zai gaji kujerarsa.

Ni ce Wynelle, ƙanwarsa, shekara biyar ya ba ni. Girki na yi a makarantar firamare har na ajiye aiki, don haka na san nauyin tukunya, na kuma san taurin kan ɗa namiji tun yana ƙarami. Amma irin na Yaya ban taɓa gani ba.

Jitar tasa ba ta ratayawa a kafaɗa ba ce. A kwance take bisa ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur, da wuya biyu, tsirkiya ashirin, feda takwas a ƙasa, da wasu 'yan sanduna huɗu masu reto a ƙarƙashinta waɗanda ake turawa da gwiwa. Mutum yana zaune, hannun hagu na jan dunƙulen ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyoyi, na dama na tsinka, ƙafa na taka feda, gwiwa na ture sanda, duk a lokaci guda. Sannan ta yi kukan nan da ke sa tsofaffin makiyaya su ja hula su rufe ido. Ita da akwatinta laba saba'in da huɗu ce. Lavonne ce ta raɗa mata suna Alfadara, wai don nauyinta da kuma yadda ba ta jin maganar kowa sai ta maigidanta.

A kife take kwana cikin akwati. Sai an ɗaura mata ƙafafu, an saƙala wayoyin feda, sannan mutum ya sunkuya ya cicciɓe ta ya juyo ta ta tsaya. Wannan juyin ne ya ci bayan yayana. Shi dai cewa yake aikin haƙar rijiya ne, wanda ya yi shekara arba'in yana yi, don ba zai taɓa yarda a ɗora wa Alfadara laifi ba. A watan Fabrairu aka yi masa aiki a ƙashin baya, aka sa masa ƙusoshi. Likita ya dube shi ya dube ni, ya ce daga yau kada ya ƙara ɗaga abin da ya wuce laba talatin, in ba haka ba ƙusoshin za su saki.

"Har yaushe?" in ji Yaya.

"Har abada, Mista Blalock."

Muka kamo hanyar gida. Sai da na tsayar da a-kori-kura a ƙofar gidansa ya ce, yana kallon gaba, "Nell, in babu Lahadi, me zan yi da sauran kwana shidan?"

Gaskiya ya faɗa. Tun rasuwar Lavonne, ba shi da komai sai rawar Lahadi da rana, wadda ake yi bayan an tashi daga coci, daga ƙarfe biyu zuwa biyar. Ba ɗa, ba jika. Litinin zuwa Asabar jiran Lahadi kawai yake, yana goge tsirkiyoyi, yana zuba wa fedoji mai. Da aka raba shi da wannan sai ya fara narkewa a gaban idona. In kai masa wake da burodin masara, in dawo washegari in tarar ko cokali bai sa ba. Ya daina aski. Wata rana na shiga na same shi durƙushe a gaban akwatin, ya ɗaura ƙafafun jitar duka huɗu, ya kama ta, ya kasa juyo ta, ya kuma kasa tashi. Ban san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Hawaye na bin gemunsa, kuma da ya gan ni sai ya ce wai ƙusa ce ta faɗi yake nema. Ranar na ɗauke bindigar babanmu daga bayan ƙofa na kai gidana. Ya ga wurin babu komai, bai tambaya ba, kuma rashin tambayar ya fi komai tsorata ni.

Na ce masa, "Yaya, ka bari ni in riƙa ɗauka mana. Ko mu ɗauka tare."

"Ke? Ki riƙa bina da akwati a gaban mutane kamar wata gawa?"

"To ai gara gawa mai kiɗa da gawar gaske."

"Bar shi, Nell. Na gode."

A ƙarshen Afrilu Burl Tackett ya zo. Shi ne shugaban ƙungiyarsu kuma mawaƙinta, shekara talatin suna tare da Yaya. Ya zo da gasasshen naman ƙirjin saniya a takarda, ya zauna yana ta juya hula a gwiwa, tun daga nan na san ba alheri ya kawo ba.

"Tsoho, ka san ba don ni ba," in ji Burl. "Masu zauren ne. Sun ce rawa ba daɗi ba kukan jita. Rodney kuma, ka san shi, mijin 'yata, yana da fiyanon lantarkin nan. Akwai maɓallin da yake dannawa ya yi kuka kusan irin naka."

"Kusan," in ji Yaya.

"Ai na ce kusan."

"Fiyano. A kujerata. Burl, me ya hana ka kawo rediyo ka ajiye a kai?"

"Haba Tsoho, kada ka yi min haka. Na roƙe su sun yarda a jira ka zuwa Lahadin farko ta Yuni. In ka zo, kujerarka ce. In ba ka zo ba..." Sai ya miƙe ya sa hula, ya ce in sa naman a firji kada ya lalace.

Ni na nemo Emil Kocurek. Tsohon maƙerin injin noma ne a kusa da Granger, wanda ya koma haɗa jitoci a rumfar bayan gidansa, kuma an ce min yana yin marasa nauyi saboda tsofaffi irin Yaya. Sai da na yi kwana huɗu ina faɗa kafin yayana ya shiga mota. Maƙwabcinsa ya loda mana Alfadara a baya, Yaya kuwa ya shige banɗaki don kada ya gani.

Emil ya fito da sabuwar jita da hannu ɗaya. Hannu ɗaya! Wuya guda, tsirkiya goma, feda uku, sandunan gwiwa huɗu, jikinta siririn katako da alminiyam. Yaya ya dube ta sama da ƙasa.

"Wannan ce jitar, ko kwalin da ta zo a ciki?"

"Zauna ka ji, maigida," in ji Emil, ko a jikinsa. "Zagi ba ya hana ta kuka."

Daga ranar sunanta ya zama Kwali.

Kusan awa uku muka yi a rumfar nan, ina zaune a kan bokiti zafi na dafa ni, yayana na bincikar jita yadda mahauci ke bincikar bijimi a kasuwa. Da farko ya sa aka maida ta akwati aka ɗora a sikelin da Emil ke auna abincin kaji. Laba ashirin da takwas. Ya ce sikelin ƙarya yake, ya sa na hau, ya faɗi nauyina da ƙarfi a gaban baƙo, sannan ya yarda. Ya kifa ta ya leƙa cikinta da tocila, yana bin kowace waya da ɗan yatsa, yana neman inda aka yi ha'inci. Ya girgiza ƙafafunta. Ya taka kowace feda sau ashirin ya saki, yana saurare ko tsirkiya za ta koma daidai inda ta taso. Ta koma. Na ga haushin hakan a fuskarsa.

Sai ya taka feda biyu tare, ya tsinki wata tsirkiya da ba ruwanta da fedojin. In jikin jita ba shi da ƙwari, yakan ɗan lanƙwasa in an taka, sai muryar wannan tsirkiyar ta sauka.

"Ta sauka," in ji shi.

Emil ya nuna masa allurar na'urar saiti. "Dubi, ko silin gashi ba ta kai ba."

"Ni ba da allura nake ji ba."

"To gwada taka jitar mana."

Suka kafa Alfadara, Emil ne ya juyo ta, Yaya ya kau da kai. Da aka gwada, ita ma ta sauka, har ta ɗan fi. Yaya ya ce ai tata saukar daban ce, ta dattako ce. Ni dai na yi dariya har bokiti ya kusa kifewa, dariyata ta farko tun Fabrairu.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba shi muhimmanci. Ya tsinki tsirkiya ɗaya ya bar ta tana kuka, yana ƙirga a hankali har muryar ta mutu. Alfadara ta kai sha huɗu. Kwali ta mutu a sha ɗaya. Ya sake, sha ɗaya. Ya ɗora tafin hannu a kan tsohuwar jitarsa.

"Ukun nan nauyi ne," in ji Emil a hankali. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Katako mai kauri ya fi riƙe murya. Na cire laba arba'in da shida, ka rasa uku. Kai za ka duba ko cinikin ya yi."

"A cikin ukun nan mutane ke kuka."

"To. Amma a gida kake ajiye su yanzu, ba mai jin ko ɗaya."

Ba mu da abin sayen Kwali sai Alfadara, Emil kuma ya yarda da musaya, don yana da mai so a Oklahoma. Yaya ya fita waje ya tsaya gindin bishiya ya juya mana baya. Ya daɗe. Da ya dawo, sai ya cire ƙyallen da Lavonne ta ɗinka wa gaban jitar, mai ɗauke da sunansa da jan zare, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "Ɗauke ta kafin in canza ra'ayi."

Muna shirin tafiya Emil ya riƙe ƙofar mota. "Abu ɗaya, maigida. Na lura da gwiwarka. Ta saba dambe da waccan. Wannan ba ta son ƙarfi, taɓa ta kawai za ka yi. In ka ture ta yadda ka saba, tafiya za ta yi ta bar ka."

"Shekara hamsin ina wannan abu," in ji Yaya, "yau mai gyaran tarakta zai koya min gwiwa."

Lahadin farko ta Yuni ya shiga zaure da akwatinsa a hannu, ya yi aski, ya sa farar riga mai maɓallan ƙarfe. Mutane suka yi ta tafi. Ya kafa Kwali ya juyo ta da kansa, na ji kamar in yi guɗa. Rodney na can gefe da fiyanonsa a jaka, wai ya zo kallo ne kawai.

Waƙa ta farko lafiya. A ta biyu, mai sauri, Yaya ya manta kansa ya kai wa sandar hagu gwiwa yadda ya saba. Daɓen zauren katako ne da aka barbaɗa wa hoda don takalma su yi santsi. Kwali ta zame ta yi gefe. Ya jawo ta. Ya ture sandar dama, jitar ta ɗaga ƙafa ɗaya ta yi can. Kafin a gama waƙar ya bi ta da kujera kusan taku biyu, har ta kusa faɗowa daga dandamali, kiɗan kuwa ya koma kamar kyanwa a buhu. Masu rawa suka tsaya suna dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Hoyt, a kawo maka igiya?" Burl ya so ya gyara, ya ce a lasifika, "Jama'a, jitar ma rawar take so!" Aka sake fashewa. Ba da mugunta suka yi ba, na sani, amma na ga wuyan yayana ya yi jawur, kuma da zan iya da na mari duk wanda ya buɗe baki a zauren nan.

Da aka tashi na ji Burl na ce masa a bayan dandamali, "Tsoho, mako mai zuwa ka ɗaure ta ko ka horar da ita. Masu zaure na kallo."

A mota na ce, "Ai Emil ya gaya maka. Ka sassauta gwiwa."

"Ba gwiwata ba ce. Abin banza ne. Na ba da jita na karɓo kwali." Ya juyo gare ni. "Kira shi, Nell. Ki ce ya dawo min da ita."

Na kira. Alfadara ta kwana uku a Oklahoma.

Lahadi ta biyu, abin mamaki, Kwali ta ɗan nutsu. Ta motsa sau biyu kawai. Yaya ya rataya mata ƙyallen Lavonne, ya ƙara masa wani baƙin yadi har ƙasa, ya rufe ƙafafunta ruf. Lahadi ta uku ko gezau ba ta yi ba. Ya yi ta dukanta da gwiwa tana tsaye, kiɗa ya dawo, Burl na ta washe baki. Ni kuwa, wawuya, na yi ta gode wa Allah wai yayana ya ji magana sau ɗaya a rayuwarsa.

Alamu duk suna gabana. Ya fara zuwa zaure tun ana coci don ya kafa kayansa ba kowa. Yakan aike ni sayen ƙanƙara duk lokacin da zai sauke akwati. Na ji wani wari mai ɗaci daga rumfarsa ran Laraba, ya ce fatsa yake gyarawa. Kuma tandar Mama ta ɓace, baƙar tandar ƙarfe mai ramuka bakwai masu siffar zangarniyar masara, wadda nake gasa masa burodi a ciki. Na juye kicin ɗinsa kaf ina nema, yana zaune yana cewa ƙila na bar ta a coci. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina, ni da nake taƙamar na san ƙaryar yaro tun kafin ya buɗe baki.

Lahadi ta huɗu mun makara, saboda tayar mota ta yi faci a hanya. Ƙarfe biyu saura kwata muka iso, rana kamar za ta fasa kai, motoci sun cika fili, ana jin Burl na gwada lasifika a ciki. Yaya bai samu damar aike na ba. Ya sauke ƙofar baya, ya kama akwati, ya ja numfashi irin wanda na san shi da shi tun zamanin Alfadara, ya fizgo.

Na ji ƙarar. Daga bayansa ta fito, ba daga akwatin ba. Ya durƙushe a kan tsakuwa, ya kife gefe, akwatin ya danne masa ƙafa. Na kai hannu ɗaya in ɗauke, ya ƙi ɗaguwa. Na sa hannu biyu na ja shi da ƙyar. Wannan ba laba ashirin da takwas ba ce.

"Kada ki buɗe," in ji shi, haƙora a cije.

Na buɗe. Kewaye da jitar, a duk inda rami yake, tsofaffin safunansa ne na aiki, an ƙulle bakinsu da igiya. Na kwance ɗaya, wasu zangarniyoyi masu launin toka suka zubo, kowace da ƙwayoyinta ras. Dalma ce. Ya tattara dalmar fatsa da ta tayoyin mota ya narka a tandar Mama. Yana ɗaura safunan a ƙafafun jitar a bayan baƙin yadi. Mako na farko bakwai, suka kasa, ya ƙara bakwai, ya sake ƙarawa. Daga baya na ɗora su a sikeli, laba talatin da biyar. Mutumin nan ya ba da abin da ya fi so a duniya don ya rage nauyi, sannan ya zauna da hannunsa ya maida nauyin, zangarniya bayan zangarniya.

Ban san duk abin da na faɗa masa ba. Na san na kira shi jaki, na kira shi mara imani, na ce ya kashe ni ya huta. Ina faɗa ina kuka, ina lalubar waya a jaka in kira motar asibiti. Ya kama min idon sawu.

"Nell. Kada ki kira."

"Sake ni, mahaukaci! Ƙusoshin ne suka saki!"

"Na sani. Ji." Ya nuna zaure da haɓa. Daga ciki wani kuka na fitowa, siriri, mai santsi, ba rai ko kaɗan. Rodney ya kunna fiyano yana gwada maɓallinsa. "In aka fita da ni daga filin nan a kwance, shi ke nan. Kin san shi ke nan."

Na sani. Na tuna wurin bindiga a bayan ƙofa. Na tsaya da waya a hannu, ƙuda na bin gumin fuskarsa, ban san wanne zai fi saurin kashe shi ba, ciwon ko rasa kujerar.

Ya rufe ido. Da ya buɗe, bai iya kallona ba, sai akwatin.

"Ƙanwata," ya ce, "ɗaukar min."

Na zazzage safunan nan a kan tsakuwa, ɗaya bayan ɗaya, har da baƙin yadin. Na rufe akwati na ɗaga da hannun hagu, ya taso kamar jakar cefane. Da hannun dama na tallafo yayana, ya rataya a kafaɗata, muka ja jiki. Taku arba'in ne zuwa ƙofa, na san adadin don a kowanne sai ya yi nishi.

Muna shiga zauren ya yi tsit. Kowa ya ga wanda ke riƙe da akwatin. Tsofaffin da suka san abin da hakan ke nufi suka sunkuyar da kai. Burl ya buɗe baki, na galla masa harara, ya rufe. Na zaunar da Yaya, na durƙusa na buɗe akwati. Shekara hamsin ina kallon yadda ake yi, ashe hannuna ya haddace. Na ɗaura ƙafafu, na saƙala wayoyi uku, na juyo ta na tura gabansa, na rataya ƙyallen Lavonne. Rodney ya kashe fiyanonsa ba wanda ya ce masa.

"Tsoho, za ka iya?" in ji Burl, ƙasa-ƙasa.

"Ka yi waƙarka. Mai sanyi tukuna."

Na tsaya a gefen dandamali ina jiran Kwali ta zame. Aka zo inda zai ture sandar hagu. Ya motsa gwiwa, zafi ya kama shi tun daga ƙugu, ya kasa kai mata duka. Iyakar abin da ya iya shi ne ya jingina mata gwiwar a hankali. Murya ta sauka lumui, daidai inda ake so, jita kuwa na nan inda na ajiye ta. Na ga girarsa ta ɗaga. Ya gwada ta dama, haka. Abin da Emil ya faɗa masa da baki ya ƙi ji, ciwo ya koya masa a waƙa ɗaya.

Ban taɓa jin ya yi kiɗa irin na ranar ba, kuma ba don yayana ba ne nake faɗa. Babu gaggawa, babu nuna gwaninta, don ba shi da ƙarfin ko ɗaya. Fuskarsa ta yi fari fat, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Masu rawa suka riƙa zagayawa a hankali, ba mai ihu, wata tsohuwa ta kifa kai a kafaɗar mijinta tana share ido. Awa uku cif ya yi. Da aka tashi ya kasa miƙewa, sai da maza huɗu suka ɗauke shi har da kujerar suka kai mota, ni ina biye da akwati.

A hanyar asibiti yana kwance a kujerar baya, ina gudu ina zaginsa, sai ya ce, "Nell."

"Kada ka yi min magana."

"Sha ɗaya take kaiwa har yanzu. Na ƙirga." Ya ja numfashi. "Amma sha ɗayan masu kyau ne. Ki gaya wa mai tarakta."

An sake yi masa aiki. Likita ya wanke ni tas a kan awa ukun nan, ya ce su suka jawo ƙafarsa ta dama take ja har yau, kuma ban yi musu ba, don gaskiyarsa ce. Wani lokaci in na ga Yaya na jan ƙafar a bayan sandarsa, sai in ji kamar ni na karya ta. Shi kuwa cewa yake Allah ya yi masa gyaɗar dogo, tunda da hagu ake taka feda. Tandar Mama ta tashi aiki, ba a cin abin da aka gasa a inda dalma ta narke, kuma wannan ban yafe masa ba.

Burl ya riƙe masa kujera wata huɗu, ya ce wa masu zaure in sun ga dama su kore su duka. Yanzu shekara biyu ke nan. Duk Lahadi ƙarfe ɗaya da rabi nake tsayar da mota a filin tsakuwa, Yaya ya sauko da sandarsa ya yi gaba, ni in bi shi da Kwali. Ban maida bindigar ba, shi ma har yau bai tambaya ba, amma yana cinye wakensa har ya nemi ƙari.

Makon jiya wani baƙo mai kirki, da ganinsa ba ɗan gari ba ne, ya ga tsohuwa da akwati, ya taho da sauri ya cire hula ya kai hannu.

"Kawo in taimaka miki, Mama."

Na maida akwatin ɗaya hannun. Na ce masa, "Bar shi, na gode."